Masu yaɗa hoton na'urar fille kai, ku zo mu yi lissafi

Tun jiya hoton gilotin ɗin nan, na'urar fille kai ta zamanin juyin juya halin Faransa, ke ta yawo, kowa na ɗora shi da "maganin sarakuna ke nan", har da masu jera masa alamar wuta da ta dariya. Sannunku da aiki, jaruman allon waya. Wanda ko allura za a yi masa sai ya runtse ido, shi ne yau yake koya mana fille kai. To tunda Faransa kuka ɗauko, mu tsaya a Faransar, mu bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya.

Duk gyaran da kuke yabo, da alƙalami aka yi shi, sarki na nan da ransa. A daren 4 ga Agusta 1789 majalisa ta soke gatan masu sarauta da ushirin da coci ke karɓa daga manoma. Ranar 26 ga watan aka fitar da sanarwar haƙƙin ɗan Adam mai sassa 17. A 1790 aka raba ƙasar zuwa yankunan mulki 83. Sarki Louis na 16 kuwa sai 21 ga Janairu 1793 aka sare masa kai. Ku ƙirga da yatsu: shekara uku da 'yan watanni tsakanin gyaran da wuƙar. Wane gyara ne wuƙar ta kawo da ba a riga an rubuta ba?

Na san za a ce ai talaka ya gaji. Wa ya musa? A 1788 kusan rabin abin da gwamnati ke kashewa biyan bashi yake tafiya. Burodi mai nauyin fam huɗu ya tashi daga kusan sou 9 (kwabon Faransa na lokacin) ya haura sou 14 a Paris. Majalisar da sarki ya kira a Mayun 1789 rabonta da zama tun 1614. Fushin halal ne, babu ja. Amma mai fushi ba shi ke riƙe da wuƙar ba idan an kwana biyu, kuma nan ne ba ku son a taɓa.

Ga yadda abin ke lalacewa, don ba dare ɗaya ake wayi gari a ciki ba. An ƙwace filayen coci a Nuwamban 1789, aka buga takardun kuɗi a kansu, aka yi ta bugawa har darajarsu ta zube. Aka ce kowane limamin coci ya rantse da biyayya ga sabon tsari, kusan rabinsu suka ƙi, ƙauyuka suka dare biyu. Sarki ya yi yunƙurin gudu a Yunin 1791, aka kama shi a Varennes, amana ta ƙare. Sai yaƙi da Ostiriya a Afrilun 1792. Daga ranar da yaƙi ya shigo, duk mai saɓanin ra'ayi ya koma ɗan leƙen asirin abokan gaba. A Satumban shekarar gungun mutane suka faɗa gidajen yarin Paris suka kashe fursunoni sama da 1,000 cikin 'yan kwanaki, akasarinsu masu ƙananan laifuka ne da babu ruwansu da fada.

Sannan aka yi wa kisan ofis. Kotun juyin juya hali a Maris 1793, kwamitin tsaron jama'a a Afrilu, dokar waɗanda ake zargi a 17 ga Satumba, wadda ta ce maganarka ko abokan hulɗarka sun isa a tsare ka. Mafi muni dokar 10 ga Yuni 1794: babu lauya, ba dole a kira shaida ba, hukunci kuma biyu ne kawai, saki ko kisa. Cikin makonni bakwai da suka biyo baya an sare kawuna sama da 1,300 a Paris kaɗai.

Kawunan wa? Nan nake so masu alamar wuta su buɗe ido. Mutum wajen 17,000 aka yanke wa hukuncin kisa a hukumance, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 ba 'yan sarauta ba ne, ba limamai ba. Manoma ne, leburori, masu shaguna, wanda aka ce ya ɓoye hatsi, wanda ya ƙi shiga soja. A yankin Vendée, inda manoma suka yi bore kan tilasta ɗaukar soja 300,000, an kashe mutane fiye da 100,000. Wato kai da kake ɗora hoton, sunanka ya fi kusa da jerin fiye da na sarkin. Su kansu jagororin ba su tsira ba: Danton a Afrilun 1794, Robespierre a 28 ga Yuli, a na'urar da ya riƙa tura wasu gare ta.

Kada wani ya zo min da "ai dole a zubar da jini kafin a gyara". Na ji, na wuce. Ko kuma "wannan Turawa ne". Habasha fa? An tuɓe Sarki Haile Selassie a 12 ga Satumba 1974. Dokar filaye ta Maris 1975 ta raba manomi da biyan galla ga masu ƙasa, gyara na gaske, kuma takarda ce ta yi shi. Manyan jami'ai 60 da aka harbe a Nuwamban 1974 ba su ƙara wa kowa kadada ba. Abin da ya biyo baya shi ne sojojin Mengistu, jagoran mulkin sojan, suka juya kan ɗaliban da suka fara zanga-zangar, har ana sa iyaye biyan kuɗin harsashi kafin a ba su gawar ɗansu. Ku sake karanta wannan layin a hankali, don Allah. Uwa tana ƙirga kuɗin harsashi.

Wallahi ba kare sarauta nake yi ba. Gadon mulki da ya bar mutane cikin yunwa shi ya jawo wa kansa. Abin da ke ci min rai shi ne yadda ake wasa da hoton kamar tallan ƙwallo, alhali Faransar ma bayan duk wannan jinin Napoleon ta samu, ya naɗa kansa sarkin sarakuna a 1804, bayan ya mai da bautar da aka soke a 1794, a 1814 kuma ƙanin sarkin da aka kashe ya hau gado.

Af, mita da kilo da kuke awo da su kullum, daga wannan juyin suka fito, an kafa su a doka a 1795. Lavoisier, masanin kimiyyar da ya yi aiki a kwamitin awon, bai ga dokar ba. An sare masa kai a Mayun 1794 saboda tsohon aikinsa na karɓar haraji.