Ba caɓewa ya yi ba, haka ake dafa shi

Tun jiya nake danne zuciyata a kan maganar yarinyar nan da kwanon kicidinta, amma abin ya ƙi dannuwa. Ta saka hoton kicidin a intanet, wato shinkafa da wake da Indiyawa ke dafawa har su narke, sai mutane suka bi ƙarƙashinsa da ba'a. Duk wanda ya shiga ya ce ta caɓe shinkafa, ko ya ce a mayar da ita gidansu ta koyo girki, bai san abin da yake kallo ba, kuma ya zalunce ta. Yarinya ta dafa wa mahaifiyarta da ke kwance abinci, ta faɗa ƙarara cewa girkin Indiyawa ne, har sunansa ta rubuta, amma manya da gemunsu da 'ya'yansu suka taru a kanta suna ƙyaƙyata dariya har sai da ta goge hoton. Haba jama'a! Ina tsoron Allah?

Ba caɓewa ya yi ba. Haka ake dafa shi. Laushin nan da kuka yi wa dariya shi ne abin da ake nema tun daga ɗora tukunya. In ka ga kicidi ya fito warara, ƙwayar shinkafa na tsaye ita kaɗai, to mai girkin ba irin wanda ake bai wa marar lafiya ya yi ba. Ana so shinkafar da waken su narke cikin juna, cokali ya shiga ba tare da ya ci karo da komai ba, wanda ba shi da ƙarfin tauna ya haɗiye ba wahala. Abin da yarinyar ta nufa ke nan, kuma shi ta samu.

Wani har da cewa "wannan ai abincin marasa lafiya ne", yana ganin ya yi zagi. To, na marasa lafiyar ne mana! Ita ce ba ta faɗa muku uwarta ba ta da lafiya ba? A Indiya ma haka suka ɗauke shi. Shi ake bai wa wanda zazzaɓi ya kayar, shi ake bai wa tsohon da haƙoransa suka zube, yana cikin abincin farko da ake ɗanɗana wa jariri idan zai fara cin wani abu ban da nono. Tun yaushe ciyar da marar lafiya ya zama abin kunya a wurinmu?

Ni a Delhi na san shi, lokacin da na raka yayata jinya. Bayan an yi mata aiki, komai aka kawo sai ta kau da kai, ƙamshin soyayyen abu ma tayar mata da zuciya yake yi. Ranar da aka ajiye mata ɗan kwano mai ruwan ɗorawa yana tururi, man shanu na narkewa a tsakiyarsa, ta kai cokali ɗaya baki ta tsaya, ta sake kai na biyu, ta cinye ba tare da an lallashe ta ba. Wanda ya taɓa zama gefen gadon majinyaci yana ƙirga lomar da ta wuce ya san abin da na ji. Shi ya sa dariyar nan ta ƙona min rai.

Kuma don Allah ku daina cewa girkin ganda ne, wai an zuba komai a tukunya an tafi. Ku ji yadda ake yi. Shinkafar tuwo za ki nema, ba 'yar gwamnati ko wadda aka turara ba, domin waccan ko kwana za ta yi a wuta ba za ta narke yadda ake so ba. Sai waken da suke kira mung dal, wasu 'yan ƙanana masu ruwan ɗorawa da aka ɓare aka raba biyu. In ba ki samu ba, jan adas ɗin nan da alhazai suka sani a Saudiyya yana yi, har ya fi saurin nuna. Kofi 1 na shinkafa, kofi 1 na waken, ki wanke har ruwan ya daina fari, ki jiƙa kamar minti 30. Ki zuba ruwa wajen kofi 7 ko 8, da gishiri, da rabin ƙaramin cokali na kurkum. Idan ya tafasa za ki ga kumfa ta taso, ki kwashe ta, ki rage wuta, ki ɗan karkata murfin don kada ya zubo. Daga nan sai haƙuri da juyawa lokaci-lokaci, domin yana kama gindin tukunya da zarar an manta da shi. In ya yi kauri tun bai narke ba, ruwan zafi ake ƙarawa, ba na sanyi ba.

Inda gwanintar take shi ne ƙarshe. Ki ɗora ƙaramin kasko, ki sa man shanu cokali 2, ya yi zafi amma kada ya yi hayaƙi. Ki watsa 'ya'yan kumin, waɗanda su suke kira jira, za ki ji sun fara ƙara suna ɗan duhu. Nan take ki sa yankakkiyar citta ɗanya da tafarnuwa, in mai cin yana da lafiya ki jefa busasshen barkono ɗaya. Tsakanin ya yi daidai da ya ƙone bai wuce ƙiftawa da bismillah ba, in kumin ya yi baƙi kuwa ɗaci zai bi tukunyar gaba ɗaya. Ki sheƙa man da zafinsa a kan kicidin, ki rufe da sauri don ƙamshin ya zauna a ciki. A hoton yarinyar nan na ga 'ya'yan kumin a sama, launin ƙasa-ƙasa, ba su ƙone ba. Ta iya. Ku ne ba ku gani ba.

Masu cewa me ya kai ta girkin Indiya alhali ga namu, ba zan ɓata lokaci a kanku ba. Taliyar da kuka ci daren jiya a Dawanau aka ƙirƙiro ta? Shawarmar da kuke bin layi a kanta fa? Shekara da shekaru muna kallon fina-finansu, muna kai majinyatanmu asibitocinsu, amma yarinya ta koyo girkinsu ɗaya sai ya zama laifi. Masu cewa ba nama kuma, ku tuna garau-garau. Shinkafa da wake ne shi ma, ba tsoka ko ɗaya, kuma ya riƙe gidaje da ɗalibai da leburori ba adadi. Hatsi da wake idan suka haɗu suna cike wa juna abin da jiki ke buƙata. Talakanmu ya gano haka, talakan Indiya ma ya gano, bambancin kawai nasu ya sha ruwa ya yi laushi.

Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne yadda ake maganarsa kamar wani shirme da aka ƙirƙiro jiya a intanet. Ibn Battuta, matafiyin nan na Maroko da ya yi alƙalanci a Delhi zamanin Sarki Muhammad bin Tughluq a ƙarni na 14, ya rubuta cewa mutanen can suna dafa mung da shinkafa, su sa man shanu, su karya kumallo da shi. Shi ne dai mutumin da ya iso Takedda, can yankin Agadas, a 1353. A fadar Sarki Akbar, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, an rubuta yadda ake dafa wa sarki shi, shinkafa da wake da man shanu daidai wa daida. A arewacin Indiya, bikin da suke yi a tsakiyar watan Janairu wasu da sunan abincin ma suke kiransa. Mutanen Bengal da Bangaladesh kuwa da zarar hadari ya haɗu ruwa ya sauko, shi suke marmari. A Rajasthan da Haryana da gero suke yin nasu, geron nan namu da asalinsa daga yankinmu na Sahel ya fito. A watan Nuwamban 2017 sun dafa kilo 918 a tukunya ɗaya a Delhi, ya shiga kundin bajinta na duniya. Ƙasa mai mutum sama da biliyan ɗaya tana alfahari da abu, kai kuma ka dube shi a waya na daƙiƙa biyu ka yanke hukuncin cewa ɓata ne.

Na yarda ba ya kyau a hoto. Sai me? Ba don hoto aka yi shi ba. Idonmu ya saba da abinci mai ƙyalli da aka jera wa tumatir da ganye a gefe, har mun fara auna girki da yadda ya fito a waya, mun manta da bakin da zai ci. Uwar yarinyar nan ta ci ko ba ta ci ba? Wannan ce tambayar, kuma cikin ɗaruruwan da suka yi magana ban ga wanda ya yi ta ba. Ban ga wanda ya ce Allah Ya ba ta lafiya ba sai 'yan ƙalilan.

Ƙanwata, in wannan rubutu ya iso gare ki, ki mayar da hotonki. Ba ki yi kuskure ba. Allah Ya bai wa Mama lafiya, Ya yi miki albarka, Ya ba ki masu yi miki. In ta fara jin ƙarfi, ki ajiye mata kindirmo marar tsami a gefen kwanon, haka su ma suke ci, kuma ki riƙa sa mata karas ko alayyafo a ciki su narke tare.