Wanda zai tsaya a kan gadon tsohuwa, a fara yi masa allurar

Jiya a majalisarmu aka sake tayar da maganar allurar korona, wani abokinmu nas ne yana cewa har gobe bai huce da tilas ɗin da aka yi musu ba, wai jikinsa ne babu wanda ya isa. Na yi shiru a wajen don kar a yi cacar baki, amma wallahi abin ya tsaya min a rai.

A 2021 Hajiyarmu ta yi kwana tara a asibiti, ga suga ga hawan jini. Ni nake kwana da ita. Da asuba nas za ta zo ta ɗaura mata abin awon jini, ta soke ta a yatsa, ta sunkuyo tana tambayarta Mama yaya jiki, takunkumin ma ya zame mata ƙasan haɓa, numfashinta a kan fuskar Hajiya, daga nan ta wuce gado na gaba ta wuce na gaba har ta gama da ɗakin. Hajiya ba ita ta zaɓi wacce za ta zo kanta ba, kuma ba ta da ƙarfin cewa matsa can. Direba ko ɗan kasuwa in ya ƙi allura ban da ta cewa, amma wanda aikinsa ke nan taɓa mutanen da ƙaramin tari kan iya kai su kushewa, gaskiya lissafinsa daban ne.

Kuma abin da aka yi a nan ai bai kai na wasu ba. Boss Mustapha, Sakataren Gwamnatin Tarayyar Najeriya na lokacin, ya sanar cewa daga 1 ga Disamba 2021 ma'aikacin gwamnatin tarayya sai da katin allura, ko takardar gwajin da bai wuce awa 72 ba, wato akwai zaɓi. A Faransa daga 15 ga Satumba 2021 har zuwa 2023 ma'aikacin lafiya da bai yi ba dakatar da shi aka riƙa yi babu albashi, tashin farko wajen mutum 3,000 abin ya shafa. A Ingila kuwa daga 11 ga Nuwamba 2021 ba ka shiga aiki gidan kula da tsofaffi sai ka yi allura biyu. Daga baya Ingila ta janye a Maris 2022 bayan nau'in korona na Omicron ya zo ga kuma fargabar rasa ma'aikata, na san da wannan, kuma na san allurar ba ta toshe yaɗuwar cutar gaba ɗaya, ragewa take yi, ƙarfinta ya fi wajen hana mutum jigata. To ai ko ragin ma ina so in dai a kan uwata ne.

Tsoron mutanenmu ban raina shi ba ko kaɗan. Duk ɗan Kano ya san Trovan, maganin da kamfanin Pfizer ya gwada a 1996 lokacin sanƙarau, yara 200 aka yi gwajin da su 11 suka rasu, tabon nan ne ya bi mu har rikicin allurar shan inna na 2003. Talaka in ya yi ɗari-ɗari yana da hujja. Amma wanda ya yi karatun lafiya, yake ɗiga wa 'ya'yan mutane rigakafi da hannunsa, ya zo yana tura mana odiyon WhatsApp wai za a mutu bayan shekara biyu, haba don Allah.

Malam nas, ni ban ce a kore ka ba, muna da ƙarancinku. In irin wannan annoba ta sake zuwa, a kawo allurar har ɗakin da kuke aiki, wanda ta sa wa zazzaɓi a ba shi hutun kwana ɗaya ko biyu ba tare da an taɓa albashinsa ba, wanda likita ya hana a ƙyale shi. Wanda kuma ya ƙi don ra'ayi kawai, a mayar da shi wajen yankar kati ko sito har annobar ta lafa, amma ba ɗakin tsofaffi ba.