Wai majalisar Bature ce ke bin diddigin kuɗin aiki? Don Allah ku bar mu haka

Tun jiya nake ta danne zuciyata a kan rubutun nan da ke yawo, wanda aka jera hoton gadar Makurdi ta 1932 kusa da hoton kwalbatin da ruwa ya tafi da shi, aka rubuta a ƙasa wai a zamanin Turawa ko sisin kwabo ba ya fita daga aljihun gwamnati sai majalisa ta tantance, wai shi ya sa aikinsu ya yi ƙarko. Kun dai gani, ba sai na sake ɗora shi ba. Shi mai rubutun ban damu da shi ba, dama jama'a yake nema kuma ya samu. Waɗanda suka ƙona min rai su ne masu turawa, har da malaman makaranta, har da mutanen da nake ganin girmansu, kowa sai "wallahi gaskiya ne", "Allah ya jiƙan zamanin da", wani ma har cewa ya yi a rushe majalisun yanzu a koma tsarin Bature. Haba jama'a. Wace majalisa? Wa ya zaɓe ta? Wa take wa aiki?

Majalisar da kuke yi wa kirari fa, mai kashe kuɗin shi ne a zaune a kan kujerar mai tambaya. Wannan ita ce maganata kuma ita zan yi ta nanatawa har ku gaji da ni.

Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914 Gwamna Lugga ya kafa wata majalisar shawara ta ƙasa, 'yan ƙasa shida ne kacal a ciki, cikinsu akwai Sarkin Musulmi da Sarkin Kano da Alafin na Oyo, sau ɗaya ake zama a shekara a saurari jawabin Gwamna a watse, ba ta da ikon yin doka balle ta taɓa kasafi, sarakunan ma ba su cika zuwa ba, kuma ban ga laifinsu ba, wa zai niƙi gari ya yi wannan uwar tafiya don a karanta masa Turanci ya gyaɗa kai. A 1922 Gwamna Clifford ya kawo sabon tsari, wanda shi ne masu son burge mu ke ambato. To ga lissafin. Kujeru 46. Guda 27 na jami'an gwamnati ne, har da shi Gwamnan da ke shugabantar zaman. Sauran 19 ɗin, 15 Gwamna ne ke naɗa su, huɗu ne kawai ake zaɓa, uku daga Legas ɗaya daga Kalaba, kuma kafin ka jefa ƙuri'a sai kai namiji ne mai samun fam 100 a shekara. Fam ɗari, a zamanin da lebura ke kwana yana lissafin kwabbai. Wannan ita ce majalisar da wai ke tsare dukiyar talaka.

Kuma su 27 ɗin nan su waye? Babban sakataren gwamnati, ma'ajin gwamnati, manyan Razdan-Razdan, shugabannin ma'aikatu, har da shi kansa daraktan PWD, wato ma'aikatar ayyuka. Ku tsaya ku hango abin da kyau. Mutum ya zauna a ofishinsa ya rubuta cewa bana yana son kuɗi kaza na hanya, kaza na gidajen ma'aikata, kaza na gyaran bariki, ya aika sakatariya a haɗa da na sauran, ranar zama ya ɗauko hularsa ya shigo zaure ya zauna, a karanto abin da ya rubuta da hannunsa, a ce wa ya yarda, ya ɗaga hannu. Abokan aikinsa ma su ɗaga, don jami'in gwamnati ba shi da damar ya ƙi abin da Gwamna ya kawo. Ko da sauran 19 ɗin duk sun haɗa kai sun ce ba su yarda ba, 27 ta fi 19, an wuce wurin. Wannan shi kuke kira sa ido? Kuma ba za su haɗa kan ba ma, don a cikin waɗanda ake naɗawa akwai Turawan kamfanoni, wakilin bankuna, wakilin masu jiragen ruwa, wakilin masu haƙar ma'adinai, mutanen da dama don su ake shimfiɗa dogon da gina tashar jirgin ruwan.

Mu kuwa 'yan Arewa da muka fi kowa zaƙewa wajen tura rubutun, mu ne abin ya fi kamata ya ba kunya. Ba mu cikin majalisar nan. Ko mutum ɗaya. Dokar Arewa Gwamna ne ke yin ta shi kaɗai da alƙalaminsa, masu magana da sunanmu a zauren Legas Turawan mulki ne. Kano tana da kujera, e, amma ta ƙungiyar 'yan kasuwa ce, Bature ne a kai. Sai da tsarin mulkin Gwamna Richards ya fara aiki a 1947 sannan irin su Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka sa ƙafa a ciki. Daga 1914 zuwa 1947 shekara 33 kenan kakanninmu na biyan haraji da jangali, ana loda gyaɗarsu da audugarsu da fatunsu a jirgi, babu ɗansu ko ɗaya da zai miƙe a zaure ya ce ranka ya daɗe kuɗin hanyar bara ina suka shiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yau kuma jikokinsu ne ke tafa wa majalisar.

Na san me za a ce, an ma riga an faɗa min a ƙarƙashin rubutun wani. Wai to ai dai ba su yi sata ba, lissafinsu a tsare yake. Naji. Ban ce babu lissafi ba. Akwai odita, akwai takardu kwafi-kwafi, akawu zai iya rasa aikinsa a kan sule guda. Amma lissafin wa ake kai wa? Landan. Kasafin shekara sai sakataren ƙasashen mulkin mallaka ya amince, masu binciken kuɗi shugabansu a Landan yake, ƙarfe da siminti da injuna ta hannun Crown Agents, wato wakilan sayayyar gwamnatocin mulkin mallaka, ake sayo su daga Ingila. Tsoron da Gwamna ke ji na ofishin Landan ne, kada a ce ya kashe abin da ƙasar ba ta tara ba har a taɓa baitulmalin Ingila. Wannan ma shi ne babban dalilin haɗe ƙasar tun farko, Arewa na cin tallafi daga Ingila kowace shekara, Kudu na da rarar kuɗin kwastan, aka ce a haɗa aljihun a huta. Yaron kanti da ke tsoron maigidansa zai riƙe littafi tsaf, wannan bai sa mai sayayya ya zama yana da ta cewa a kantin ba. Haka abin yake. Kuma in kuɗi suka ƙare a tsakiyar aiki, Gwamna na sa hannu a takardar izini ta musamman a ci gaba da kashewa, daga baya a kawo wa majalisa ta sa albarka. Bayan an kashe fa.

Ko ɗan majalisa na da niyyar kirki ma hannunsa a ɗaure yake, ba shi da ikon kawo ƙudurin da zai jawo kashe kuɗi sai da yardar Gwamna. Iyakarsa ya yi tambaya, a ba shi amsar layi biyu, ya zauna. Kuma tsakani da Allah wasunsu sun yi, ba zan ci haƙƙinsu ba. 'Yan jam'iyyar Herbert Macaulay da suka ci kujerun Legas tun daga 1923 sun yi ta surutu, sun yi ta ƙorafi, jaridun Legas na bugawa, wani lokacin kunya ta sa a ɗan gyara wani abu. Ina girmama wannan. Amma surutu daban, iko daban. Mutanen Legas da aka ɗora wa kuɗin ruwa saboda aikin ruwan Iju da aka buɗe a 1915, a titi suka nuna fushinsu, don sun san zauren ba nasu ba ne.

Sai maganar ƙarko, wai ga gada nan har yau tana tsaye. Tana tsaye mana, wa ya musa? An gina ta ne don ta ɗauki jirgin da ke jan kwal da kuza da gyaɗa, dole ta yi ƙarfi, asarar su ce in ta faɗi. Ku ɗauki taswirar dogo ku kalla da idonku, daga Kano zuwa Legas, daga Nguru da Ƙaura Namoda a gangaro, daga Jos da Inugu zuwa Fatakwal, kowane layi bakin teku ya nufa. Wace majalisa ce ta zauna ta auna ko mutanen karkara sun fi buƙatar rijiya da asibiti a kan wannan? Babu. Kuma abin da ya tsaya shi kuke gani ku ɗauka a hoto, wanda ya rushe tun kafin a haifi iyayenku ba shi da hoto.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake cewa aikinsu ba tsada. Dogon Baro zuwa Kano da ya iso Kano a 1911, PWD ta Arewa ce ta yi shi, an fara shi a zamanin Gwamna Girouard, ana ta yabon arharsa. Ta yaya ba zai yi arha ba? Razdan ya gaya wa sarki, sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya shiga gari ya ƙirga majiya ƙarfi, a tasa ƙeyarsu bakin aiki da kwando a ka, ko sun so ko ba su so ba, gona kuwa ta jira. A Kudu doka ce ma a rubuce tun 1903, ana iya kiran mutum aikin hanya kwana shida a kowane wata uku. Lokacin yaƙin duniya na biyu aka yi ɗiban gwamna, wato kwasar mutane aikin tilas, zuwa haƙar kuza a Jos, mutanen da suka saba da zafin Sakkwato da Katsina aka kai su cikin sanyin dutse, da yawa ba su dawo ba. Wannan gumin da waɗannan rayukan ba sa cikin kasafin da majalisarku ta tantance. Babu layin da aka rubuta su. In da a ce akwai majalisa ta gaske da 'ya'yan mutanen nan a ciki, tambayar farko da za a yi kenan.

A gida kuma, kuɗin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, da ke baitulmali, wanda aka fara a Katsina aka baza sauran masarautu wajen 1911, shi majalisar Legas ma ba ta ganinsa, tsakanin sarki da Razdan da Di'o ake ƙare magana. Ruwan famfo da lantarkin da Kano ta samu daga Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin En'e aka yi, wato harajin talakan Kano. Amma yau sai ka ji mutum na cewa Bature ya kawo mana ruwa, kamar daga gidan ubansa ya ɗebo. Ko shirin raya ƙasa na shekara goma na 1946, na fam miliyan 55, miliyan 23 ne daga Ingila, sauran nan aka nemo su, kuma jami'ai ne suka tsara abinsu a ofis. Ba banza ba a 1950 Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. Sai a 1952 ne ɗan ƙasa ya fara riƙe ma'aikatar ayyuka, shi Tafawa Ɓalewa a Legas, Sardauna a Kaduna. Saura shekara takwas a ba da mulki.

Kada wani ya ɗauka ina wanke 'yan majalisar yanzu ne, Allah ya kiyaye. Nasu laifin ya ma fi muni. Sashe na 88 da na 89 na tsarin mulkin 1999 sun ba su ikon bincike, su kira minista, su kira ɗan kwangila, in ya ƙi zuwa a kamo shi, sashe na 85 ya ce babban odita gare su zai kai rahoto, ba Landan ba. Ikon da mutum huɗun can ko a mafarki ba su samu ba. Me aka yi da shi? Ɗan majalisa ya cusa aikin mazaɓa a kasafi, kamfanin ƙaninsa ya samu kwangilar, shi kuma ya sa babbar riga ya je duba aiki da 'yan jarida. Mai kashe kuɗi a kujerar mai tambaya. To ku da ke cewa a koma tsarin Bature, ina kuka ga an bar shi? Shi ɗin ne ake yi, hular ce kawai ta canza. Kuna kukan ciwo kuna roƙon a ƙaro muku abin da ya kawo shi.

Kuma don Allah masu cewa ni ɗan boko ne mai ƙin gaskiya, ku riƙe abinku, ba zan biye muku ba yau.

Af, tunda maganar dogo ta taso, akwai wani ƙaramin layi da kusan kowa ya manta da shi, wanda ya tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre ya hau Jos har Bukuru, an gama shi a 1914 don jigilar kuza, siririn dogo ne ƙafa biyu da rabi, sunan Bauchi aka laƙaba masa alhali bai taɓa shiga garin Bauchi ba, tafiyarsa kuma a hankali ƙwarai musamman wajen hawan dutse. A 1957 aka rufe shi aka kwashe ƙarafunan. Mutanen Soba da Lere da ke bibiyata, in akwai sauran ginin tasha ko ƙafar gada a wajenku ku ɗauko min hoto ku turo, amma don girman Allah kada ku sa masa kalar nan ta manhaja da ke mayar da komai kamar an wanke shi da omo, ku bar shi yadda yake.