Jar hula a Kano, jar hula a Mishigan

Ranar da na fara ganin maƙwabcina da jar hula sai da na yi dariya ni kaɗai a cikin mota. Bature ne dattijo, tsohon ma'aikacin kamfanin ƙera motoci a nan jihar Mishigan, mutumin kirki wanda idan ƙanƙara ta zuba yakan share ƙofar gidansa ya haɗa har da tawa. Hular tasa hana-salla ce irin ta magoya bayan Trump. Na ce a raina, ashe Kwankwasiyya ta riga ni zuwa Amurka.

Da wasa na faɗa, amma shekarun da na yi a ƙasar nan sun sa dariyar ta ragu. Na bar Kano da wani tunani da na ɗauka babu ja a cikinsa, wato talauci da ƙarancin boko su ne suka sa mutanenmu ke bin ɗan siyasa ido rufe. A ganina da za a ba kowa aiki da makaranta, da kowa ya fara auna magana da kansa. Sai ga ni a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, kowace unguwa da ɗakin karatunta, kuma cutar tana nan daram.

Maƙwabcin nan nawa har yau ya yi imani an yi wa Trump maguɗi a zaɓen 2020. An shigar da ƙararraki sama da 60, kusan duka aka yi watsi da su, wasu ma a gaban alƙalan da Trump ɗin da kansa ya naɗa. A nan Mishigan Biden ya yi nasara da ratar ƙuri'u sama da dubu 150, kuma wani kwamitin majalisar dattawan jihar, wanda 'yan jam'iyyar Rifablikan ke jagoranta, ya yi bincike ya fitar da rahoto a 2021 cewa bai ga shaidar wani gagarumin maguɗi ba. A 2023 tashar Fox News ta yarda ta biya kamfanin Dominion mai na'urorin zaɓe dala miliyan 787 da ɗoriya kan ƙaryar da aka yaɗa a kansa. Na taɓa lissafa masa duk wannan muna tsaye a bakin shinge. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce duk sayen su aka yi. Wallahi sai na ji kamar ina teburin mai shayi a Gwammaja. "An saye shi." Da wannan kalma muke rufe bakin duk wanda ya zo da abin da ba mu son ji, ko malami ne ko ɗan jarida.

Abin ma ya fi ƙarfin shi mai hular. Gwamnatin Trump ce ta zuba kuɗi aka gaggauta samar da allurar rigakafin korona, amma da ya ce wa magoya bayansa su je a yi musu, a wani gangami a Alabama a 2021, ihu suka yi masa. Ƙin allurar ya riga ya zama tambarin ɓangare, wanda ya haƙa rijiyar ma ba a yarda ya sha ba.

Kada a ce na matsa wa ɓangare ɗaya. Yawancin abokan aikina 'yan Dimokurat ne, masu digiri biyu da uku, masu kallon jar hula da raini. Su ne kuma suka shekara suna ce mini duk wanda ya yi maganar tsufan Biden farfagandar abokan gaba yake yaɗawa. Kowa yana ganin dattijon nan a talabijin, amma sai da aka yi muhawarar watan Yunin 2024 ya kasa haɗa zance a gaban duniya, sannan bakuna suka buɗe. Kafin wata guda ya cika ya janye daga takara. Washegari waɗanda suka ce lafiyarsa ƙalau suna ce mini ai sun daɗe da lura.

To, laifi tudu ne. Bari in sauka daga nawa in duba shi.

A Janairun 2012, da Jonathan ya cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 140, ina cikin waɗanda suka fita titi a Kano. Muryata har dishewa ta yi. A watan Mayun 2016 gwamnatin Buhari ta ɗaga lita daga naira 86 da rabi zuwa 145. Me na yi? Na shiga Facebook na yi dogon bayani cewa gyara sai da wahala, Baba ya tarar da rumbu wayam, a yi haƙuri. Hujjojin da magoya bayan Jonathan suka kawo muka ce rainin hankali ne, su na ɗauko na wanke na sa musu sabuwar riga. Babu wanda ya ba ni ko sisi. Abin da ya canza kawai shi ne wanda ke kan kujera, namu ne.

Na mai ma da sauƙi. Da aka sace 'yan matan Chibok a 2014 mun ce gwamnatin da ta kasa tsare yara ba ta cancanci kwana ɗaya ba, kuma gaskiya muka faɗa. Sai ga Dapchi a 2018, ga Ƙanƙara a Disambar 2020, a jihar shugaban ƙasa, yana Daura a lokacin, ga Jangebe bayan 'yan watanni. Yaranmu ne, da harshenmu suke kuka. Amma da yawa daga cikinmu sai murya ta yi ƙasa, aka koma "sai addu'a". Wanda ya ɗaga murya a ce ɗan PDP ne, ko maƙiyin Arewa. Ina ganin shirun nan ya ci rayuka, domin gwamnatin da ta san mutanenta ba za su taɓa juya mata baya ba, ba ta da dalilin hanzari. Yanzu kuma kiɗan ya koma Kudu maso Yamma. Tinubu yana cikin waɗanda suka soki cire tallafi a 2012, shi ne ya cire shi ranar da aka rantsar da shi a 2023, kuma wasu da suka cika Ojota da zanga-zanga a wancan lokaci su ne yau ke koya mana darasin haƙuri. Mu kuma mun tuna cewa talaka yana jin yunwa.

Akwai dai bambanci ɗaya da na lura da shi. Ba'amurke jam'iyya yake bi, sau da yawa gadonta ya yi daga ubansa, kuma duk wanda ya saɓa wa layi a jefar da shi komai girmansa. Liz Cheney 'yar tsohon mataimakin shugaban ƙasa ce, ta taɓa zama ta uku a jerin shugabannin Rifablikan a majalisar wakilai, amma da ta tsaya kan sukar Trump game da harin da magoya bayansa suka kai majalisar dokoki ranar 6 ga Janairun 2021 sai 'yan jam'iyyarta suka kayar da ita a zaɓen fid da gwani na 2022. Mu kuwa mutum muke bi. Kwankwaso ya tashi daga PDP zuwa APC, ya koma PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022, jar hula tana biye. Malam Shekarau ya bar APC a 2014 bayan shigowar Kwankwaso, ya dawo a 2018 bayan Kwankwaso ya iske shi a PDP, a 2022 suka haɗu a NNPP na 'yan watanni suka sake rabuwa. A kowane juyi magoya baya suna da bayani a shirye, kamar an raba musu da daddare. Muna kiran abin aƙida, muna kiran shi amana, wanda ya tsaya yin tambaya kuma butulu ne.

Shi ya sa a Kano yau, in ka ga launin hular mutum, ba sai ka tambaye shi ra'ayinsa kan komai ba. Ka san abin da zai ce kan raba masarauta gida biyar a 2019, da tuɓe Sarki Sanusi a 2020, da dawo da shi a 2024. Ka san matsayinsa kan rusau. Ka san ko kotu mai adalci ce ko sayayyiya: wanda ya tsine wa shari'a bayan inkwankulusib na 2019 shi ne ya yi mata kirari a Janairun 2024 da Kotun Ƙoli ta tabbatar da Abba a kujerar gwamna, wanda kuma ya yi murna da hukuncin kotun ƙararrakin zaɓe a 2023 ya wayi gari yana cewa an yi siyasa. Al'amura ne daban-daban, kowanne da nasa hujjoji. Ta yaya dubban mutane za su dace a kan dukkansu, babu ko inda ɗaya ya karkace, in da gaske kowa da kansa ya yi tunanin?

Kakana ɗan NEPU ne, har ya rasu yana ba da labarin ɗaurin da aka yi musu. In ka tambaye shi me suke nema zai gaya maka a numfashi ɗaya, kuma ya ga wani ɓangare da idonsa lokacin da Rimi ya soke haraji da jangali. Ba na cewa zamaninsu aljanna ce. PRP ta tsage gida biyu, Santsi da Taɓo, 'yan uwa suka daina gaisawa, kuma a tarzomar Yulin 1981 aka kashe Dakta Bala Muhammad. Amma ko a rigimar akwai abin da ake ja a kai. Yau ka tare matashi mai jar hula ko mai tsintsiya ka ce ya faɗa maka manufa ɗaya da ta raba su, sunan mutum zai ba ka.

Ɗan jagaliya ina yi masa uzuri, abin da zai ci yake nema. Sojan baka a rediyo sana'arsa ce, biyansa ake yi. Waɗanda ba su da uzuri su ne irina. Muna da zaure a WhatsApp na Hausawa mazauna nan, likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a, mutanen da a wurin aiki ba su yarda da magana sai da hujja. Da an jefo maganar Kano sai duk ilimin ya tafi hutu. Tambayar farko a kan kowane labari ita ce wa ya kawo shi. Idan faifan ya taɓa wancan ɓangare a tura shi gaba cikin minti ɗaya, idan ya taɓa namu a ce a yi bincike tukuna, haɗi ne. Mu da babu gwamnan da zai iya hana mu albashi.

Makon jiya na kira yayana, wanda ya fi shekara goma bai fita da wata hula ba sai ja. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, ni fa tura yara karatu waje ya burge ni, amma yadda aka yi rusau ɗin nan ban gamsu ba."

Ya yi shiru, har na duba ko layin ya yanke. Can ya ce, "To kai yanzu kana wane ɓangare ke nan?"

Na ce, "Babu, Yaya. Wannan na ga daidai ne, wancan na ga kuskure."

Ya ce, "Lallai Amurka ta ɓata ka." Na so in ba shi labarin maƙwabcina, sai na ji ana kiran sallar magariba ta bayansa, ya ce zai neme ni in ya dawo daga masallaci.