Jirgin katakon da ya ci gasar duniya sau biyu

Duk sanda na ga shirwa tana shawagi da azahar ba ta ko kaɗa fiffike, sai Ka 6 ya faɗo mini a rai. Jirgi ne mara inji, mai cin mutum ɗaya tak, kuma da katako aka ƙera shi. Wani jirgin ke jan sa da igiya, ko injin naɗe waya daga ƙasa, in ya yi sama a sake shi. Sauran aikin na matuƙi ne: ya nemo iskar da zafin rana ke ɗagawa, ya yi ta kewaya a cikinta yana hawa, kamar dai shirwar nan.

Rudolf Kaiser ne ya zana shi, kamfanin Alexander Schleicher na garin Poppenhausen a Jamus ya ƙera, ya fara tashi a 1955, shekara huɗu bayan an ɗage wa Jamus ta Yamma haramcin tashi da irin waɗannan jirage da aka ƙaƙaba mata bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Wallahi yana min ciwo yadda muke raina katako, da an ce abu na katako ne sai a ɗauka aikin talauci ne. Ku dubi fiffiken jirgin nan. A ciki siraran itatuwa ne jere kamar haƙarƙari, an manne su da gam. Gaban an lulluɓe shi da falankin filawud mara kauri, bayan kuma yadi ne aka ja aka shafe har ya ɗame kamar fatar kalangu. Daga ƙarshen fiffike ɗaya zuwa ƙarshen ɗayan mita 15 ne, amma jirgin duka bai kai kilo 200 ba. In ya sauko mita ɗaya, ya ci wajen mita 30 a gaba. Da shi matuƙi Bajamushe Heinz Huth ya lashe gasar duniya a ajinsa a 1960 a Jamus, ya maimaita a 1963 a Ajantina.

Na yarda, jiragen fayiba da suka biyo baya sun fi shi gudu da santsi, su suka ture shi daga gasa. Katako kuma ba ya son laima, gam na tsufa, dole a riƙa dubawa. Amma in filawud ɗin ya tsage, gwani zai fere bakin wurin a karkace, ya manna sabo, a duba a ba shi izinin tashi. An ƙera fiye da 1,000, kuma har gobe akwai ƙungiyoyi a Turai da ke fito da nasu ranar hutu, matasa suna tashi da jirgin da ya girme wa iyayensu.