Ba Girgizar Ƙasa Ke Cin Mutane Ba, Ginin Ha'inci Ne

A shekarar 2010 girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.0 ta afka wa Haiti a watan Janairu, mutum fiye da dubu ɗari suka mutu. Wata guda da rabi sai ga wata mai ƙarfin 8.8 a Chile, wadda ta ninka ta Haiti ƙarfi sau ɗaruruwa, amma waɗanda suka rasu ɗari biyar ne da 'yan kai. Toh me ya bambanta su? Chile tana da dokar gini kuma ana binta.

Mutane da yawa in an ce gini mai jure girgiza sai hankalinsu ya tafi kan manyan fasahohi, irin ƙatuwar ƙwallon ƙarfe mai tan 660 da aka rataya a saman dogon benen Taipei 101 na Taiwan ko faifan roba da ƙarfe da Japan ke sawa ƙarƙashin gini don ƙasa ta motsa shi kuma ya ɗan yi lilo kawai. Suna aiki, ba musu. Amma gaskiya abin da ke ceton talaka ya fi wannan arha nesa ba kusa ba. Injiniya ba ya alƙawarin gini ba zai tsage ba, burinsa ginin ya lanƙwasa ya sha wuya amma kar dakin, wato rufin kankare, ya rufto kan mutane kafin su fita, kuma wannan yana hannun rodi ne, musamman zobban da ake ɗaure rodin ginshiƙi da su, a matso da su kusa-kusa a lanƙwasa bakinsu ciki, a zuba kankare mai isasshen siminti ba wanda aka cika wa yashi da ruwa ba. Nan ne fa ɗan kwangila ke cin riba, don da zarar an yi filasta ba mai gani.

Dubi Turkiyya ranar 6 ga Fabrairun 2023, girgizar ƙasa ta ci sama da mutum dubu 50 alhali dokar gininsu a takarda mai kyau ce. Benaye da yawa ƙasansu shaguna ne, ba bango sai gilashi, wasu ma har sare ginshiƙi ake don shago ya yi faɗi, hawan ƙasa na durƙushewa sauran suka bi. Ga kuma afuwar da gwamnati ta yi a 2018, ka biya kuɗi a halatta maka ginin da ya saɓa ƙa'ida. Haba! Ni a ganina jami'in da ya sa hannu bai je ya duba rodi kafin a zuba kankare ba, shi ma kotu ya kamata ya gurfana tare da ɗan kwangilar.