Ganuwar kwali a Nottingham, da motar karan da muka bari a gida

Ni dai tun da na zo Nottingham ta ƙasar Ingila abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ganin magidanta, wasu har da furfura, sun kewaye tebur ranar Asabar suna wasan yaƙi da 'yan sojojin roba da tsayinsu bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba. A garin nan hedikwatar kamfanin Games Workshop take, masu yin irin wannan wasan mai suna Warhammer tun 1983, to wasan ya zauna sosai. Ana jefa dais irin na ludo, a auna tafiyar soja da tef, a ɓoye shi bayan katanga.

Katangar ce ta ja ni, wallahi ba wasan ba.

Wani abokin aikina ya nuna min gidan sarauta na dutse da ya gina, na rantse saya ya yi. Ashe hasumiyar dogon gwangwanin soyayyen dankalin Pringles ce, bangon kuma farin fom ɗin nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin, ya zana layin bulo da biro sannan ya dunƙule takardar foyil ya dinga dannawa har ya yi kaushi kamar dutse. Ƙofa tsinken juya shayi, rufi kwalin konflas da ya yayyanka ƙanana ya jera. Farin gam na kafinta da yashi a ƙasa, baƙin fenti tukuna, sai ya goge burushi ya kusa bushewa ya bi kai da ruwan toka, nan take duk wani tsagi ya fito. Ya ce kar in kuskura in fesa fentin gwangwani kai tsaye a kan fom, narkar da shi yake, sai an shafe da gam ya bushe.

Ina kallo ina tuna Kano. Mu fa mun yi wanda ya fi wannan wuya, motar kara da muke feƙe bayan karan mu soka a totuwa, taya daga tsohon silifas, tirelar langa-langa, gidan laka bayan ruwan sama har da soro da zaure, ba gam ba fenti ba wanda ya koya mana sai yayyenmu na unguwa. Amma da ka ɗan tasa shikenan, za a ce kai har yanzu wasan ƙasa kake, ka girma fa. A nan kuwa mutum mai shekara hamsin zai ɗauko ginin kwalinsa ya kai kulob, a zagaye shi ana tambaya yaya ka yi tagar nan. Gaskiya a wannan sun fi mu, kuma abin yana min ciwo, don yaran da na sani masu hannu da yawa haka aka kashe musu gwiwa.

Inda ban yarda da su ba, da yawansu yanzu sun koma sayen na roba da aka riga aka zuba a shago, kuɗi mai yawa, kuma duk tebur ka je gini iri ɗaya. Na kwali ya fi rai nesa ba kusa ba.

Da na tashi yin nawa ban yi irin na Turawa ba. Ganuwa na yi da ƙofa irin ta Kano, ƙasan bango da kauri yana sirancewa zuwa sama, na kwaɓa filasta da gam na shafe da yatsa yadda magina ke yaɓe, fenti jar ƙasa, zanko a kusurwa, azara da tsinken tsire, indararo da robar shan lemo. Sati uku ina yi bayan an tashi aiki. Da na kai kulob sai tambaya ake wace ƙasa ce wannan, na ce ganuwar garinmu ce, an fara ta tun zamanin Sarki Gijimasu, shekara wajen 900 ke nan. Na tura hoton gida, ɗan yayata ya bugo waya yana tambaya ko gam ɗin da ake liƙa takalmi zai yi, na ce a'a zai cinye fom ɗin, ya je wajen kafinta ya nemi fari.